Muryar da Ke Tsallake Bakwai

A wata ruga yamma da Ɗanzomo an yi wata mata, Asama'u matar Sajo, wadda yaro da babba ke kira Goggo. Tun tana amarya saniya ta take mata ƙafa, ƙashin bai ɗoru daidai ba, don haka ba ta zuwa tallan nono. Idan mata suka ɗauki ƙore da hantsi suka nufi gari, sai su bar mata 'ya'yansu a gindin wata aduwa.

Don kada su ishe ta da faɗa, sai ta riƙa tara musu ƙwallon aduwa tana koya musu ƙirga. Takan jera layi biyu a ƙasa, ɗaya a matse, ɗaya a warwatse, ta ce, "Wanne ya fi yawa?" Duk sai su nuna dogon. Ita kuwa ta yi dariya, ta sa su haɗa kowane ƙwallo da abokinsa har su ga wanda ya rage ba aboki.

A cikin yaran akwai Kyauta 'yar Rabi, ƙarama mai sanyin murya. Kullum sai sauran sun faɗi lamba sannan a ji tata a baya, kuma daga shida sai ta faɗa takwas. Goggo ta yi gyara har ta gaji.

Shekarar babban fari, da shanu suka yi ta faɗuwa, ƙyanda ta shigo rugar. Cikin yaran da ta kashe, Kyauta ce ta fara tafiya. Aka daɗe ba a zauna gindin aduwa ba.

Da damina ta sauka, sauran shanun suka samu ciyawa, mata suka koma talla, yara suka dawo wurin Goggo. Ran nan da rana tsaka suna ƙirga tare. Suka ce shida, suka ce bakwai, sai wata siririyar murya daga bayansu ta ce, "Takwas."

"Wa ya yi sauri?" in ji Goggo.

Ta sa suka rufe baki da tafin hannu, ta ƙirga ita kaɗai. Kowace lamba ta faɗa sai an maimaita mata a hankali, har shida. Da ta ce bakwai, aka ce takwas.

Larai, babbar cikinsu, ta cire hannu daga baki ta ce, "Goggo, ai Kyauta ce. Tun jiya take zuwa." Yadda ta faɗa ba tsoro ko kaɗan shi ya fi tayar wa Goggo tsigar jiki.

Sajo ya kira malami daga Ɗanzomo, aka yi addu'a, aka yi sadakar fura. Washegari muryar tana nan. Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Rabi ce kaɗai ta zo, ta ajiye ƙwaryarta ta zauna.

"Goggo, ƙirga mini in ji."

Goggo ta ƙirga. Rabi ta kasa kunne har hawaye ya zubo mata, ba ta ji komai ba.

"Tana nan?"

"Tana nan, 'yata. Ga ta wajen damanki."

Rabi ta shimfiɗa gefen zanenta a wurin, ta zauna har la'asar.

Da kaka ta wuce aka ɗaure kaya za a tashi zuwa wajen Maigatari neman ruwa. Mijin Rabi ya ce dole ta bi shi, ta bi tana waiwaye. Sajo ya kawo wa Goggo jaki, ta ƙi hawa.

"Ku tafi," ta ce. "An ba ni amanar yarinya, ba a zo an karɓa ba."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga baya ya kai ta gidan ƙanwarsa Mairo a cikin gari. Nan ta zauna har rasuwarta, ana gab da zaɓen farar hula. Kowace safiya takan dogara sanda ta fita dajin. Masu zuwa itace sukan hango ta a ƙarƙashin aduwar ta jera layi biyu, ta yi tambaya, ta jira, sannan ta girgiza kai ta sake jerawa. Sukan yi mata sallama daga nesa, su ratse ta wata hanyar.