Sarkin Rafi Ba Ya Riga Kowa Ruwa

A shekarar da tsutsa ta cinye tumatir tun yana ganye, har wasu suka bar gonakinsu ba su ɗebi ko kwando ɗaya ba, a shekarar Baba ya rasu. Ana tsakiyar zafin bazara aka kai shi. Ya bar mini gona a ƙarshen layin ruwa, da shanun huɗa biyu, da rawani a cikin adaka. Rawanin na Sarkin Rafi ne, kuma Baba shi ne na uku da ya riƙe wannan sarauta a gidanmu.

Kakan Baba ne ya fara. A zamaninsa babu kanal, babu madatsar ruwa. Rafi ne guda yake bi ta yammacin garinmu, da rani ya ƙafe sai kududdufai, mutane su kafa jigo a baki suna ɗaga ruwa da guga zuwa fangalinsu. Shi ne yake raba fadama duk shekara. Shi yake yanka wa Fulani burtali da mashaya, ya ce shanu su sauka nan, kada su sauka can. In dagaci ya zauna da mutanensa, Sarkin Rafi yana kusa da hannun damansa, ba a yanke maganar da ta shafi ruwa ko ciyawa sai an juyo an dube shi. Baba ya ce har daga wajen Madobi ana zuwa ɗaukarsa ya raba rigimar fadama.

Amma sarautar tana da sharaɗi. Sarkin Rafi ba ya shayar da gonarsa sai kowa ya shayar. Gonarsa ma a can ƙasa ake ba shi, inda ruwa yake isa a ƙarshe. Dattawan da suka kafa abin sun ce mutumin da shukarsa take jiran ragowar ruwa ba zai bar kowa ya yi ɓarna a sama ba, kuma ba wanda zai ce ya yi son kai. Ranar naɗi, kafin a ɗora rawanin, sai an tambaye shi a gaban jama'a ko ya yarda. Ya ce ya yarda, sannan a naɗa.

A hannun kakana gwamnati ta kawo ruwan kanal. Ma'aikata suka zo da abin awo, suka tattara gonakin gari suka sake yankawa murabba'i-murabba'i, kowa aka mayar masa da nasa a sabon wuri. Daga ranar rabon fadama ya fita daga hannun Sarkin Rafi. Ƙofar ruwa ta ƙarfe kuwa makullinta yana wajen ma'aikaci. An ce da aka zo ba wa kakana gona a bakin babban kanal don girmamawa, sai ya ƙi, ya ce a kai shi ƙarshen layi, nan ne mazauninsa. Gonar da na gada ke nan.

Abin da ya rage wa Baba shi ne ya faɗi wanda zai fara janyo ruwa a layinmu da wanda zai bi, ya kuma kira gayyar yashe magudana. Daga baya aka kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa, da shugabanta da sakatarenta, wannan ma ya koma can. A ƙarshen rayuwarsa, in ka ji an ce Sarkin Rafi, to maroƙi ne a gidan biki. Duk da haka ban taɓa ganin ya buɗe ruwa a gonarsa ba sai ya tako layin tun daga sama ya ga kowa ya jiƙa.

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya taɓa ba mu labarin wata ƙasa can cikin duwatsu masu ƙanƙara, bayan Indiya, inda yake cewa akwai wata sarauta ta manyan fadawan sarki, masu riƙonta su ne suke jan yaƙi suna riƙe mulki, yanzu kuwa ta zama suna kawai da ake laƙaba wa mutum don ladabi. 'Yan aji suka yi ta mamaki. Ni ban yi ba, a gidanmu na ga irinta.

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da taubashina a zauren, ɗan gwaggona, wanda yake da injin casar shinkafa a bakin titi, yana zaune a birni. Ya sha babbar riga, turare ya cika wurin.

"Ga bawana nan ya iso," in ji shi. "Ranka ya daɗe, dubi ƙafarsa. Duk faso. Wannan za ka ɗora wa rawani? Ai sai ya share gumi da shi."

Na ce, "Ɗan mace, yaushe aka fara gadon rawani ta ɗakin gwaggo? Kai da ko fartanya ka riƙe sai ta yi maka kanta."

Aka yi dariya. Amma da gaske yake son sarautar, ya daɗe yana aike wa dagaci. Dagaci, wanda sa'an Baba ne, ya bari muka gama sannan ya dube ni.

"Ɗana, sarautar gidanku ce, ba zan tsallake ka ba. Sai dai ka san ba ta da komai yanzu. Ka san sharaɗinta?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Zamani ya canja fa."

Na ce na yarda. Ban yi dogon tunani ba. Abin da na gani Baba yana yi ne, na ɗauka in na yi haƙuri irin nasa zan ci abin da ya ci. Aka naɗa ni bayan sallar Juma'a, taubashina ma ya ɗauki nauyin abincin, yana cewa sadaka ce yake yi wa talakansa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, layin da Baba ya sani ba shi ne wanda ya bar mini ba. Ciyawar kacala ta cike magudana, ruwa yana tafiya a cikinta kamar mara lafiya. Gefen siminti ya farfashe, rabi yana zurarewa cikin kwari. Sannan ga injin ban ruwa. Da mutum ɗaya ne yake da shi a layinmu, kafin a ankara kusan kowa a sama ya saya ko ya yi haya. Da an buɗe ƙofa sai ka ji sun tashi gaba ɗaya, kowa ya jefa tiyonsa, ba wanda yake jiran wani.

Ranin farko na dasa albasa. Ranar da aka sako ruwa na naɗa rawanina na hau sama, na bi su gona-gona ina cewa a bi layi, wane ya fara, wane ya bi. Ba wanda ya yi mini rashin kunya. Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Kowa zai cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Rafi, an gama, yanzu zan kashe." In na wuce gona biyu sai in ji injin ya sake tashi. Kafin in sauko tawa, abin da ya rage laka ce da kwaɗi.

Na kira gayyar yashe magudana. Aka yi shela a masallaci, kowa ya ce in sha Allahu. Da safe na tarar da tsofaffi uku da lauje. Muka yanki kacala har azahar, ruwa iya gwiwa, matsattsaku suna kama mu. Abin da muka share, waɗanda suke sama ne suka fara morarsa. Albasar ta yi kawuna ƙanana kamar goro, na sayar da ita a gona ga wanda ya ga dama.

Maiɗakina ba mai yawan magana ba ce, amma a rani na biyu ta yi. Ina wanke ƙafa a tsakar gida ta ajiye mini buta ta tsaya.

"Malam, ƙanena ya ce injinsa yana nan zaune. Ka ɗauka ka ja daga babbar magudana kamar kowa."

"Kin san ba zai yiwu ba. Akwai gonaki biyu a gabana da ba su sha ba."

"Su masu gonakin sun ce ka jira su?"

"Ba su ce ba."

"To wa ya ce?"

Na ce alkawari na ɗauka a gaban jama'a. Ta ce jama'ar suna can suna shayar da nasu. Ta ɗauki butarta ta koma madafa, daga can ta ce, "Allah ya sa rawanin yana dahuwa, don shi za mu ci bana."

Ba ta yi ƙarya ba. A wannan ranin alkama na shuka, ta bushe tana fitar da kai. Da hatsin damina ya ƙare, na kai sa ɗaya kasuwa. Sa ɗaya ba ya huɗa, don haka kafin shuka na biyun ma ya bi shi. Sannan ƙasan gonar, inda ruwa yake zuwa kaɗan ya tsaya ya ƙafe, ya fara yin fari. Kanwa ce ta taso. Baba ya sha gaya mini in kanwa ta fito sai an yi mata ruwa mai yawa a wanke ta, in ba haka ba tana ci gaba da cin gona kamar ƙazuwa. Ruwa mai yawa kuwa ba ya isowa ga wanda yake jira.

Da rani na uku ya kama, na yi renon irin albasa a bayan gida, ya isa dashe. Na je na tsaya a gonar na dubi farin nan ya haura har kusan tsakiya. Na san in na ƙara jira shekara guda, ba ni da abin da zan bar wa 'ya'yana. Na dawo gida na ɗauki rawanin, ban naɗa ba, na ninke shi a hammata na nufi gidan dagaci.

Ya ga abin da na riƙo tun kafin in zauna.

"Sarkin Rafi, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ina so in ba gonata ruwa."

"To ka ba ta mana. Wa ya hana ka?"

Na ce sharaɗin. Ya shafa gemunsa, sannan ya ce, "Ɗana, in ban da ni da kai, wa ya ma tuna da shi? Na ɗauke maka. Ka sa injinka, ka riƙe rawaninka. Ba wanda zai ce uffan."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma na ga kaina da rawanin kakana a ka, ina jefa tiyo a gaban gonar wani, mai gonar yana cire mini hula. In na yi haka, me zan hau sama in ce wa mutane? Kuma ba dagaci kaɗai na yi wa alkawarin ba, balle shi kaɗai ya warware. Na ce masa in dai ina Sarkin Rafi ba zan iya ba, gonar kuma ba za ta ƙara jira ba, don haka ɗaya zan ajiye. Na tura rawanin gabansa.

Ya ce in je in kwana da maganar. Na ce na kwana da ita rani biyu.

"Ka san wanda zai karɓa," in ji shi.

"Na sani."

Washegari da hantsi na ɗauko injin surukina a kan amalanke. Na kafa shi a bakin babbar magudana, kowa yana gani, na ja igiya. Wani maƙwabcina ya ɗago daga cikin tumatirinsa ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin..." sai ya tsaya, don labari ya riga ya zaga. Ya ce, "Sannu, Malam." Na amsa. Na tsaya ina kallon ruwa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba, bayana ne kawai yake ciwo.

Bayan ƙaramar salla aka naɗa taubashina. An yi taro sosai, motoci har bakin kanal. Ba a yi masa tambayar nan ba kafin a ɗora rawanin, ban sani ba ko mantawa aka yi. Da na je yi masa murna ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Bawana, ka kwantar da hankalinka. Ni ko taki ɗaya ba ni da shi a layin nan. Ba zan riga kowa ruwa ba har abada. Wa ya kai ni cika sharaɗi?"

Na ce, "Allah ya taya ka riƙo, ɗan mace." Ya sa aka zuba mini shinkafa da nama a leda na kai gida.

Yanzu an rubuta sunan sarautar a bayan motarsa. Layinmu yana nan yadda yake, wanda ya riga ya sha. Ni ma ina cikin masu rige-rigen, kuma saman gonar ya dawo yana ba da albasa.

Abin da ya tafi: albasar rani ɗaya, alkamar rani ɗaya, shanun huɗa biyu, kashi ɗaya cikin uku na gonar Baba wanda kanwa ta riga ta cinye, da wurin zama ɗaya a hannun daman dagaci.