Masu Sauraren Gwaggo

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Gwaggo a Anka shi ne ƙananan takalma jere a bakin ɗakinta. Gidan kuwa babu yaro ko ɗaya.

Shekarar da gubar dalma ta ci yaran ƙauyenmu Yargalma ce, lokacin da ake daka dutsen zinariya a tsakar gidaje. An kwantar da ƙanena a asibiti, jijjiga ta hana shi magana. Inna tana wurinsa, ni aka ajiye ni wurin Gwaggo, yayar Baba, tsohuwar malama mai rubuta ƙananan littattafan yara, irin masu hoton akuya a bango.

Ba ta kai labari wurin bugawa sai ta gwada shi. Da, yaran ƙauyenmu take karanta wa idan ta zo hutu. Yawancinsu an rufe su, amma ba ta canza masu saurare ba. Bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Sai ta jira. Tatsuniya ba ta farawa sai an amsa. Ni ina bakin ƙofa, kunya ba ta taɓa barina na amsa ba. Can sai ta gyaɗa kai ta ci gaba.

Wani wuri takan dakata, ta karkata kunne, ta soke layi da biro.

"Ba su yi dariya ba," in ji ta. "Wanga wuri ya yi tsawo."

Wata rana ta daka wa gefen tabarmar tsawa: "Kai mai ƙaton kai, bar tsunkulinta!" Na san wanda take nufi. Ɗan maƙwabcinmu ne, ya rasu kafin damina.

Na lura kaji suna yawo ko'ina a tsakar gidan, amma ba sa taka tabarmar. Na kuma lura duk ranar da ɗan acaɓa ya kawo labarin rasuwa daga ƙauye, sai Gwaggo ta ƙara warware naɗin tabarmar kaɗan.

Ran nan ta dawo daga dubiya a asibiti, ba ta ko cire mayafi ba ta hau rubutu.

"Ƙanenki raƙumi shika so, ko? Na sa mishi raƙumi cikin wanga labari."

"Yaya jikin nasa, Gwaggo?"

Ta ci gaba da rubutunta. Da aka yi la'asar ta shimfiɗa tabarmar, ta tsaya tana duban ƙarshenta da ya rage a naɗe. Ta sunkuya ta kai hannu za ta warware shi.

Ban san lokacin da na tsallaka na durƙusa a kan naɗin ba. Na ɗago na dube ta.

"Gwaggo, don Allah ki aje na raƙumin. Kada ki karanta shi yau. Ki bari sai an sallamo shi, ya amsa miki da bakinsa."