Sahabi Mai Gishiri da Rigar Babur

Duk wanda ya san Sahabi Mai Gishiri a Gummi ya san ba ya sallama sai ya rufe babur. Ko gaisuwar mutuwa ya je, in ka ji ya kashe inji a ƙofar gida, to ka ba shi lokaci. Zai kwance ƙunshin nan daga bayan kujera, ya karkaɗe, ya lulluɓe babur tun daga fitila har lamba, ya ɗaure igiyoyi, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, sannan ya tuna akwai mutane a duniya. "Salamu alaikum!" Mu kuwa hannun da muka miƙa ya riga ya gaji ya koma aljihu.

Ni taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, don haka tsokanarsa gado na yi. Kuma ni ne telan da ya ɗinka rigar nan, kada wani ya ce zai ba ni tarihinta.

Babur ɗin ba nasa ba ne. Na Lawali ne, ɗansa na fari, wanda ya saye shi sabo, ja wur, da abin da ya samo wurin haƙar zinari a Bagega. Bai daɗe yana hawa ba ya bi abokansa Nijar, wai an ga sabon rami. Ranar tafiya ya ajiye makulli gaban tsohon, ya ce ya riƙa hawa har ya dawo. Sahabi kuwa mutumin dā ne, kunyar ɗan fari ta hana shi ko ɗaga kai. Tunda aka haifi yaron nan bai taɓa kama sunansa ba, dā "wancan" yake cewa, daga baya ya koma "mai babur". Amma daga ranar ya ɗaura ɗamarar abu guda: yadda aka bar masa jan nan, haka zai mayar da shi. Shi ke nan, aka shiga dambe tsakaninsa da zafin ranar Gummi.

Washegari sai ga shi a shagona yana turo babur, da wankakkun buhunan gishiri a kafaɗa.

"Tela, ɗauko abin awonka. Riga nika so."

Na miƙe na ɗora masa tef a kafaɗa, ya buge mini hannu.

"Wa yac ce ma tawa? Ga mai rigar nan tsaye!"

"Haba Sahabi, kasuwa cike take da tamfol."

"Wanga baƙin tamfol mai shan zahi? Ruhe shi nika son yi ko dahwa shi?"

Haka na durƙusa a bakin titi ina auna babur, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki. Ya sa na yi shafi da tsohon zanen matarsa Kulu don kada buhu ya karce fenti. Ya sa na fitar da 'yan aljihuna biyu na madubi. Da na gaji na ce, "To ko a yi mishi aiki ga wuya, irin na babbar riga?" Wallahi sai da ya yi tunani, sannan ya ce, "Bari aikin, kada shi yi girman kai."

Wata rana muka je ɗaurin aure Nasarawa Burkullu, ya goyo ni, hanyar nan ta kusa fitar mini da hanji. Muka isa rana ta take. Itace guda ne a ƙofar gidan, dattawa sun cika gindinsa. Na ga Sahabi yana kallonsu yana kallon babur, na ce masa, "In ka ce su tashi, ban san ka ba." Ya yi tsaki. Ya rufe babur, ya zaro lemarsa, ya buɗe, ya ɗaure ta a kan babur ɗin, shi kuma ya zauna gefe a tsakar rana, gumi yana bin gemu.

Jaɓɓi, wani Bafulatani da ke sayen gishirin shanu wurinsa, ya kasa daurewa.

"Kai Sahabi, mutum aka yi ma lema ko ƙarhe?"

"Ni in na yi baƙi, Kulu ta san ni hakanan. Hwatata in ta saɓule, wata ta hito. Wanga in ya koɗe, kai ka maido shi?"

Liman da kansa sai da ya dakata da addu'a ya gyara rawani.

To, masu dariya dai suka yi ta yi, har kujerun baburansu suka fara tsagewa, tankuna suka yi fari fat. Sai ga su ɗaya bayan ɗaya a shagona, kowa da buhunsa, yana rage murya: "Irin ta Sahabi." Ni kuwa ba na gaba da ciniki. Kafin ka ce kwabo rabin baburan kasuwa sun sa riga iri ɗaya.

Ran wata kasuwa Sahabi ya fito daga rumfa ya hango babur cikin farar riga, inuwa ta gudu ta bar shi. Ya yi salati, ya ruga, ya kama shi ya fara turawa. Sai ihu daga baya: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Wani saurayi ne mutumin Anka. Jama'a suka taru, aka ɗaga riga, sai ga wani shuɗin babur da ya sha duniya, kujera ɗaure da roba, tanki kamar bayan tsohuwar tukunya. Nasa yana can inda ya bar shi, lafiya lau. Kuna tsammanin ya ji kunya? Ina! Ya riƙe ƙugu ya dubi saurayin sama da ƙasa.

"Kai ad da wanga? Sai da yam mutu sannan kar ruhe shi? Ai wagga ba riga ba ta, likkahwani na!"

Saurayin da ya zo da faɗa, shi ya ƙare da ba da haƙuri. Ni kuwa na sha zagi har gida, wai na raba sirrin gidansa a kasuwa.

Shekaru suka yi ta tafiya, labarin Lawali yau a ji, gobe shiru. Sahabi bai taɓa tambayar kowa ba. Amma Kulu ta gaya mini, duk lokacin da shirun ya yi tsawo, sai ya fito da tsumma ya yi ta goge babur ɗin da ba shi da ko ɗigon datti. Daga nan na rage tsokana, don na gane ba ƙarfe yake wa hidima ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Lawali ya dawo ana gab da girbi. Ya rame, ya yi baƙi, ba abin da ya riƙo sai 'yar jaka. Zinari bai yi ba. Ina zaune a zauren lokacin da ya durƙusa ya gaida uban, kansa a ƙasa. Sahabi ya amsa yana kallon bango, kamar yana amsa wa baƙon da ya zo tambayar hanya. Sannan ya ce da ni, "Tela, ce mai shi diba kayanshi."

Lawali ya fita ya kwance igiyoyi, ya yaye rigar. Jama'a, ja wur! Ko ƙwarzane babu, kujera tana sheƙi. Yaron da ya dawo yana ganin ba shi da ko allura, ga abin da zai fara kabu-kabu da shi tun gobe. Ya dafa tankin, ya tsaya nan a tsakar rana, ba ko hula, hawaye suna zuba.

Sai Sahabi ya daka tsawa daga zaure: "Wane irin sakarci na wanga? A tsaya cikin rana!"

Lawali ya zabura ya ɗauki rigar zai rufe babur.

"Bar shi nan," in ji tsohon, murya ta yi ƙasa. "Shigo inuwa, Lawali."

Na ce, "Mi kac ce, Sahabi? Sake hwaɗi, ban jiya ba."

"Ban ce komi ba, kurman banza."

Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Bai ga damina ta gaba ba. Ni dai na yi rashin abokin faɗa, kuma har yau ban sami madadinsa ba. Allah ya jiƙan Sahabi, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ranar da rana za ta sauko bisa kawunan bayi, Allah ka kira shi da sunansa, ka shigar da shi inuwarka. Amin.