Gwangwanin Jatan Landen Yayana

Shekarun baya, ina budurwa a unguwar Misfala, yayana ya dawo daga aikin jirgin ruwa. Tun da ya tashi daga Jidda sai da ya kai tekun da ƙanƙara ke yawo a kai. Tsarabarsa ɗan gwangwani ne guda, da hoton jatan lande a jiki.

Na yi dariya na ce, "Yaya, ka keta duniya don jatan landen da ke jibge a Jidda?"

Ya zaunar da ni ya ce ba ɗaya ba ne. Na Jidda manya ne, launin toka, sai sun ji wuta suke ja. Na ruwan sanyi kuwa ba su wuce ɗan yatsa ba, jajaye ne tun suna da rai, ga zaƙi. "Umma, a dafa shinkafa mu buɗe yau," in ji shi.

Mahaifiyarmu ta juya gwangwanin a hannu. "Abin da ya zo daga nesa haka, ba a cinsa maigida ba ya nan." Lokacin mahaifinmu ya raka alhazai Madina da raƙuma. Ni ma, da son a ce na yi hankali, na bi bayanta. Yaya ya sake roƙo, ya ce abin ba ya son zafi. Umma ta naɗe shi a tsumma ta cusa ƙasan akwati.

Kafin Baba ya dawo aka kira Yaya jirgi. A bakin ƙofa ya ce mini, "In kun ci, ki riƙe mini yadda fuskar Umma ta yi."

Ranar da Baba ya iso muka ciro gwangwanin, ya kumbura kamar tulu. Ana huda shi wari ya kore mu waje. Muka sha dariya, Umma ta ce in Yaya ya dawo ya kawo wani.

Bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a wata tasha, can aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu jikokina kan sayo su a daskare, da kallo ɗaya nake ware na ruwan sanyi. Zaƙin yana nan yadda ya faɗa. Ban ga laifin Umma ba, girmama mijinta ta yi. Amma shinkafa tana nan ranar, itace yana nan, Yaya yana zaune a tabarma yana jira.