Layi Bakwai na Gero a Cikin Burtali

Darki zuwa Wudil

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, a daminar farko bayan soja sun koma bariki. An kira mu malaman firamare kwas na kwana biyu, kan yadda za mu koya wa yara kula da filayen jama'a: burtali, makiyaya da mashaya. Akori-kura na samu, na zauna kan buhun masara. A shingen shiga gari ɗan sanda ya leƙo, ya ce, "Ticha, a sauka lafiya." Shida da kwata muna Wudil.

Wudil

Mai koyar da mu, Malama Hadiza, ba ta shiri da allo. Ta ce, "Gobe ba aji. Burtali za mu bi da ƙafa, yadda za ku bi da ɗalibanku." A wata makaranta muka kwana. Tuwon dawa da kifin kogi, na ci har na ji kunyar neman ƙari.

Cikin burtali

Ƙarfe bakwai bas ta ɗebe mu, ta sauke mu, ina? Bayan garinmu! Abokai suka yi ta yi mini tsiya. Wani dattijon Bafillace, Arɗo Buba, ya shige gaba yana bayani: kowace damina manomi kan ƙara layin shuka ɗaya cikin hanyar shanu, ba ya ma ɗaukar hakan laifi.

Tara saura muka iso inda saniya ɗaya ke wucewa da ƙyar. Na dubi gonar da ta ci hanyar. Gonata ce, kuma nan ake so in kawo yara in ce su kare burtali.

Malama ta ce, "Arɗo, ka san mai gonar nan?"

Ya san ni sarai. Ya dubi ƙasa ya ce, "Mutumin kirki ne, Malama. Mu ci gaba."

Na tsaya a wurin. Na ce, "Tawa ce. Baba Arɗo, auna."

Ya auna da sandarsa. Layi bakwai.

Gida

Da azahar na shiga gida a ƙafa, zuciyata wasai. Ranar Litinin ni da 'yan aji shida muka dasa bini-da-zugu a tsohuwar iyaka, muka bar wa shanu layukan nan da geronsu. Na gode wa Allah, na gode wa Arɗo, wanda na ci hanyar shanunsa shekara bakwai, ya rufa mini asiri a gaban mutane.