Zaman Nahantsi

A wannan bazarar kakana Mu'azu ya cika shekara talatin da biyar a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da na saba yi kowace shekara bai wuce in dafa abinci in aika masallacin unguwa, mu taru da 'yan'uwa mu yi masa addu'a ba. Ban taɓa tunanin kawo shi shafin jarida ba, don shi kansa ba mai son a ambace shi ba ne. Amma abin da na gani a ƙofar gidana a Runjin Sambo watan jiya ya hana ni sakat.

In ka tambayi 'yan tsirarun tsofaffin da suka rage a cikin gari waye Mu'azu, da wuya su gane. Ka ce musu Kashe-Ruwa, sai ka ga sun gyaɗa kai. Sunan da Sakkwato ta laƙaba masa ke nan, kuma da shi aka riƙa yi wa 'ya'yansa gori, har mu jikoki muka samu rabonmu. Ni dai ban taɓa barin ta kwana ba. Duk wadda ta kira ni jikar Kashe-Ruwa a makaranta, ranar sai an raba mu.

Yana saurayi ya bar gonar ubansa ya shigo gari neman aiki, a zamanin Turawa, daidai lokacin da aka fara binne bututun ƙarfe don jawo ruwa daga gulbi. Aka ɗauke shi lebura. Da aka gama binnewa aka sallami mafi yawansu, aka bar kaɗan don gyara, yana cikinsu. Aikin ba na wasa ba ne. In bututu ya fashe sai su zo da diga da shebur su tona, wani lokaci ramin ya fi tsayin mutum, su shiga cikin caɓi ba takalmi ba komai. A bakin ramin suke narka darma a kasko su ɗura a mahaɗar bututu. Hannuwan kakana duk tabon wannan darmar ne. Ina ƙarama nakan zauna in bi su da yatsa, shi kuma yana ce mini zanen ado ne ya yi don ya burge ni, amaryarsa.

Kafin a tona, dole a kulle ruwa. A bakin kowace unguwa akwai ɗan rami mai marfin ƙarfe, a ciki ake kullewa, da wani dogon mabuɗi na ƙarfe mai hannu a gicciye, wanda tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Kakana ne ke ɗaukar wannan mabuɗin a kafaɗa. To kun ga mafarin sunan. Mutane ba su san bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ba, ba su san kwata na shiga cikin abin da za su sha ba. Abin da suka sani shi ne, in wannan baƙin dogon mutumin ya ratsa lungu da ƙarfe a kafaɗa, famfon unguwa ya mutu. Ranar da ya dawo ya buɗe kuwa ba mai ganinsa, don lokacin kowa ya ruga bakin famfo da tulu. Garin da jiya-jiya yake cewa ba zai sha ruwan Nasara ba, shi ne yau yake tsine wa wanda ya taɓa masa shi.

Suna da al'ada guda a tsakaninsu. In an kulle ruwa, ba a zare mabuɗin. A tsaye ake barinsa cikin raminsa, alamar cewa akwai mutane a ƙasa. Duk ma'aikacin da ya zo wucewa ya gan shi a tsaye, ya san ba a taɓawa. Su a ganinsu wannan magana ce da ko makaho zai gane. Abin da bai taɓa zuwa musu a rai ba shi ne, su kaɗai ke jin wannan maganar. Ga mutumin gari, mabuɗi ne a jikin ƙofa, mai gida kuma ba ya nan.

Abin da ya biyo baya ban ji shi daga bakinsa ba. Kakata Inna Kulu ce ta ba ni labarin bayan na girma, tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai. Wata bazara babban bututu ya fashe a wani lungu da ke kan hanyar zuwa Hubbare. Kakana ya kulle ruwa, ya bar mabuɗin a tsaye yadda aka saba, suka tona. Shi da amininsa Nahantsi ne a ƙasan ramin. Ƙauyensu ɗaya, tare suka zo gari, tare suke cin tuwo. Aikin ya ja, rana ta take, unguwa ta yini ba ɗigo. Sun riga sun cire guntun da ya fashe, bakin bututun a buɗe yake yana kallonsu, sai wani mutumin unguwar ya je ya kama mabuɗin ya murɗa.

Inna Kulu ta ce ruwan bai yi sallama ba. Kafin su miƙe ya kai musu gwiwa, ya ci gindin bangon ramin, ƙasa ta rufto. Ta danne kakana zuwa ƙugu ta karya masa ƙafa. Nahantsi kuwa ta rufe shi gaba ɗaya. Sauran leburori suka faɗa ramin suna tono da hannu, don ba a sa diga inda mutum yake. Ɗaya ya ruga ya sake kullewa, amma wurin da nisa.

Nan ne wurin da har yau ban iya haɗiyewa ba. Suna cikin wannan tonon, mutane suka fito da tuluna da ƙwarya, suka jeru a bakin ramin suna ɗiban ruwan da ya taru. Suna miƙa hannu ta kan masu tono. Na tambayi Inna ko ba su san da mutum a ƙasa ba. Ta ce sun sani sarai, kakana na nan rabin jikinsa a waje yana kiran sunan Nahantsi har muryarsa ta dushe. Da aka zaƙulo Nahantsi, rai ya yi halinsa. Aka shimfiɗe shi a gefe aka rufa masa buhu, ɗiba kuma ba ta tsaya ba.

Ba wanda ya ce shi ne ya murɗa, unguwa kuma ta rufe bakinta ruf. Baturen da ke kula da aikin ya zo ya duba, ya ce laifin wanda ya bar mabuɗi ne. A gari aka ce ai tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, alhakin mutane ne ya kama su. A zaman makoki ma an faɗi haka, cikin kunnen matar mamacin. Kakana ya yi watanni a hannun maɗori, ya tashi da ɗingishin da ya bi shi har kabari.

Kowa ya ɗauka zai koma gona. Bai koma ba. Ya je ya sami heluma, wato shugaban leburori, ya ce shi dai ba zai ƙara iya sauka rami ba, amma a bar masa aiki guda. Daga ranar, duk inda aka kulle ruwa, sai ya zare mabuɗin, ya mayar da marfin, ya zauna a kai, mabuɗin a gicciye bisa cinyarsa. Ba ya tashi sai mutum na ƙarshe ya fito daga rami. In lokacin salla ya yi, a nan gefen marfin yake shimfiɗa buzunsa. Shi ya sa wa abin suna zaman Nahantsi.

Ku duba yadda abin yake a idon mai wucewa. Ga unguwa ba ruwa, ga leburori can nesa cikin rami ba a ganinsu, ga kuma ƙato zaune a sarari ba ya komai. Duk zagin da ya kamata a raba wa mutum goma, shi kaɗai ke kwasa. Tsofaffi mata su tsaya a kansa da tulu su ce, "Ku dube shi, ya kashe muna ruwa ya zamna shina shan iska." An watsa masa ƙasa, an zuba masa ruwan wanki. Fiye da shekara ashirin yana wannan zaman, bai taɓa mayar wa kowa ba.

Ni da ba ni da irin wannan haƙurin na taɓa tambayarsa, lokacin ya tsufa, ina matsa masa ƙafar nan tasa. Na ce, angon nawa, kai da bakinka bai mutu ba in ana wasa, me ya hana ka ramawa? Ya yi dariya har ya yi tari.

"Amarya, mai ƙishi bai da hankali, ba a biye mai. In na tashi rama zagi, wa za shi tsare marhin?"

To, ga abin da ya faru watan jiya. Bututu ya fashe a layinmu, ruwa ya yi kwanaki yana malala, Keke Napep da babura suna fantsama wa mutane. Da masu gyara suka zo, su huɗu ne, cikin wata tsohuwar mota. Na leƙa ta ƙofa don in ga jikokin aikin kakana. Wallahi da a ce an ɗauko shi daga kabari an tsayar da shi a nan, da ya rantse jiya ya bar aiki. Diga da shebur ne dai. Biyu ba takalmi, ɗaya da silifa. Ba safar hannu, ba abin tare bangon rami. Zagin ma bai canza ba, sai dai yanzu an ƙara da ɗaukarsu hoto da waya ana dariya, wai ga ɓarayin da ke fasa bututu da dare su zo gyara da rana. Shekara nawa da tafiyar Bature? Mun yi gidajen bene, mun yi digiri, amma mutumin da ke cikin rami yana nan inda aka bar shi.

Marfin unguwarmu yana daf da katangata. Suka kulle suka tafi can ƙasan layi suka shiga tono, dukansu huɗu. Bayan azahar ina tsakar gida na ji ƙarar ƙarfe a waje. Na fito na tarar da wani matashi mai wurin wankin mota a bayanmu, da babban sifana a hannu, yana ƙoƙarin ɗage marfin. Ban san lokacin da na isa wurin ba, ni da gwiwa ke ba ni wahala. Na ture hannunsa na zauna daram a kan marfin.

"Hajiya, tashi ki ba ni wuri. Ɗan kaɗan za ni buɗewa, motoci na jira na."

Na ce masa, "Ɗana, akwai mutane cikin ramin can."

"Su sunka sani. Ba aikinsu na ba?"

Na dubi yaron da kyau. Ba mugu ba ne, na san uwarsa, yana gaishe ni kullum, sahun gaba yake salla. Ina kallonsa sai na gane ashe wanda ya murɗa mabuɗi a kan Nahantsi ma ƙila haka yake, mutumin kirki mai gaisuwa, wanda kawai bai lissafa na cikin rami a cikin mutane ba. Duk tsawon rayuwata ina zana shi a raina da ƙaho. Na ce wa yaron in yana son marfin sai ya ɗauke ni tare da shi. Ya yi ta ƙunƙuni, maƙwabta suka taru, wasu na cewa Hajiya ta fara ruɗewa. Marfin kuwa ya sha rana, zafinsa na ratsa zanena. Na sa aka miƙo mini tabarma na ninka, na ci gaba da zamana har la'asar sakaliya.

Da suka gama, babbansu ya zo buɗewa, laka har wuya. Aka gaya masa abin da ya faru. Ya dubi sifanan da yaron ya yar, sannan ya durƙusa.

"Inna, Allah shi saka da alheri. Yau ke kinka yi muna zaman Nahantsi."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ya ce haka suka taras tsofaffin wurin aikinsu na faɗi, in an kulle ruwa a bar mutum guda a kan marfi, amma su yanzu ba su da yawa, in sun bar ɗaya aikin ba ya ƙarewa. Na tambaye shi ko ya san waye Nahantsi. Bai sani ba. Mu'azu fa, ko Kashe-Ruwa? Bai taɓa ji ba. Na zauna a kan marfin nan, tsohuwa da ni, ina kuka a gaban unguwa.

Na yi ta tunanin me kakana zai ce in ya ga yau. Ba na jin ƙafafun nan marasa takalmi za su ba shi mamaki, ko zagin. Abin da zai girgiza shi shi ne a ce an kulle ruwa, mutane na ƙasa, marfi kuma ba kowa a kai. Ɗaya ɓangaren kuwa na san zai yi masa daɗi. Bai bar gida na a zo a gani ba, ba titin da ke ɗauke da sunansa, mabuɗin ma ya mayar wa masu shi ranar da ya bar aiki. Sunan gorin da ya sha ya bi masu yinsa ƙasa. Wanda ya so ya rayu shi ne na amininsa, ga shi kuwa yana yawo a bakin mutanen da ba su san ko waye ba, yana tsare musu rai.

Na gaya wa babban nasu, duk ranar da aiki ya kawo su wannan layin, su ƙwanƙwasa mini kafin su sauka. Tabarmata na nan a ninke bayan ƙofa. Saboda haka in kun biyo ta Runjin Sambo kuka ga famfo ya ɗauke, kuka ga wata tsohuwa zaune bisa marfin ƙarfe cikin rana, kada ku ce ta rasa abin yi. Ku zage ni in kuna so, gado na yi. Akwai mutane cikin rami.