Alhaji Mamuda na Aliero da Dabinon da Bai Tauna Ba

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Alhaji Mamuda a ƙauyen Karaye ta ƙasar Maiyama cikin daminar shekarar 1937. Mahaifinsa shi ne Malam Jibrilla, manomin gero wanda bai taɓa riƙe wata sarauta ba sai ta gonarsa, mahaifiyarsa kuwa Gudiya, mace mai haƙuri wadda ta binne 'ya'ya uku kafin shi.

Karatunsa

A shekarar 1945 aka kai shi Jega wurin kawunsa Malam Alu, inda ya sauke Alƙur'ani, ya kuma taɓa littattafan fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa. Malam Alu shi ne wanda mutanen unguwa suke kawo wa jarirai ya tauna dabino ya shafa musu a ganɗa, domin zaƙi da addu'ar mutumin kirki su zama farkon abin da zai shiga cikin yaro. Da tsufa ya kwashe haƙoran malamin, sai ya duba cikin ɗalibansa ya ɗora wa Mamuda wannan hidima, ba don ya fi su ilimi ba, sai don ba ya cin goro, ba ya taɓa taba, kuma ba a taɓa jin ashar daga bakinsa ba.

Sana'arsa da Iyalinsa

A shekarar 1958 ya koma Aliero ya kama noman albasa, sana'ar da ya rayu a kanta har ƙarshen ƙarfinsa. A 1961 ya auri Zinatu, ɗiyar wani makiyayi daga Andarai, Allah ya azurta su da Faruk a 1963, da Waliyyu a 1966, sannan auta Iklima a 1970. Duk tsawon wannan zamani aljihunsa bai rabu da dabino ba, kuma daga Aliero har Jega da wuya a sami zuri'ar da babu wanda ya fara ɗanɗanar duniya daga bakinsa. Har ta kai ana cewa bakin Mamuda baki ne mai albarka, maganar da ta yi masa daɗi shekaru da yawa kafin ta zame masa kaya.

A 1987 ya aurar da Iklima a Fagada. Shekaru suka yi ta shuɗewa ba ta ko yi ɓatan wata ba, shi kuwa kullum yana tauna wa 'ya'yan wasu, yana komawa gida da sauran dabino a aljihu.

Rashin Lafiyarsa

Ya sauke farali a 1990. A shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, wato 1991, ya fara ganin jini a jikin aswakinsa, daga baya dasashinsa ya kumbura ya janye daga haƙora, mugunya ta riƙa tsattsafowa, turamen haƙoransa biyu suka fara girgiɗi. Wari ya biyo baya. A garin da kowa yake kwana da albasa ya tashi da albasa, ba a saurin kama mai warin baki, don haka ya daɗe yana ɗora wa sana'arsa laifin da ba nata ba. Ya kurkure da bagaruwa, ya danna kanumfari, ya kai kansa ga wanzami aka tsaga aka zubar da jini, ciwo dai ya yi kamar da shi ake gaisawa.

Wata rana aka kawo masa jariri, ya tauna dabino, da ya fito da shi sai ya gan shi da jirwayen jini. Ya dunƙule shi a hannu, ya yi wa yaron addu'a kawai, kuma daga ranar bai sake tauna wa kowa ba. Kunya ta hana shi faɗin dalili, domin mutumin da aka ce bakinsa albarka ne ba ya iya tsayawa gaban jama'a ya ce bakin ya ruɓe. Sai ya ja rawaninsa ya yi amawali ya rufe baki, yana magana daga nesa, yana sallamar masu jarirai daga zaure.

Mutane kuwa, da yake ba a rasa su da fassara, suka ce Makka ce ta hau masa kai. Abokan wasansa suka laƙaba masa Hakimin Albasa, wasu iyaye suka yi fushi suka ɗauke ƙafa. Zinatu kaɗai ta san gaskiya, ita ce take jiƙa masa tuwo ya yi ruwa-ruwa, ita ce kuma take jin zafin abin da ake faɗa fiye da shi.

Aikin Tiyata

A farkon 1994 labari ya zo daga Fagada cewa Iklima tana da juna biyu. An ruwaito cewa Zinatu ta same shi a zaure ta ce, “Alhaji, ka tauna ma ɗiyan duniya duka. In wagga ta sauka, mi za ka ce ma ɗiyarka?” A makon nan ya kira Faruk ya kwance amawali a gabansa, Faruk ya ga abin da ya sa shi hawaye. Daga asibitin Jega aka tura su Sakkwato, wurin wani likitan haƙori mai suna Abdussalam.

Likitan ya bayyana musu cewa datti ya daskare a saiwoyin haƙora kamar dutse, dasashi ya saki ya bar ramuka, kuma a cikin ramukan nan wasu ƙwayoyin cuta da ba sa son iska suka yi gida, inda aswaki ba ya isa. Ya ɗebo kaɗan daga ramin ya sa a madubin likita ya ce ya leƙa. Alhaji ya ga wasu halittu sirara, murɗaɗɗu, suna ta wutsil-wutsil, ya ɗago, tunaninsa ya tafi ga jariran ƙarshe da ya tauna wa kafin ya daina.

A watan Afrilu aka yi aikin, gefe ɗaya bayan ɗaya. Aka yi masa allurar kashe zafi, aka tsaga dasashin aka ɗaga shi, aka kankare saiwoyin tas, aka yanke naman da ya mutu, aka cire turamen nan biyu, sannan aka mayar aka ɗinke. Ya yi makonni a kan kunu da ruwan gishiri mai ɗumi, ya kuma koyi riƙon buroshi yana ɗan shekara hamsin da shida, yana yi yana mita.

Da ya koma a watan Yuli, jini ya tsaya, wari ya tafi, dasashi ya kama. Aka sake ɗebowa ya leƙa, sai ya tarar murɗaɗɗun nan sun yi ƙaranci ƙwarai, saura 'yan dunƙulallu masu zaman lafiya. Cikin murna ya tambaya ko yanzu zai iya tauna wa jikansa. Likita Abdussalam bai yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Baba, miyagun sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma in ka yi sake suna dawowa. Babu bakin da babu ƙwayoyi, har nawa. Kai kana da ƙarfin zama da su, jariri ba shi da shi.”

Haihuwar Mardiyya

A watan Satumba na 1994 Iklima ta haifi mace a gidan iyayenta. Aka miƙo masa jaririyar, Iklima ta ɗauko dabinon da ta adana tun tsarabar hajjinsa ta ce, “Baba, awa yadda ka yi man.” Ya juya dabinon a hannu har aka zaci ya manta da mutane, sannan ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannu, ya jiƙa dabinon da tafasasshen ruwa, ya murje shi da yatsu biyu har ya yi laushi, ya shafa mata a ganɗa. Ya ce wa ɗiyarsa, “Shekara bakwai muna jiran ta. Ba ni caca da ita don a ce bakina na da albarka.”

Daga nan ya kwance amawalin, ya kai bakinsa dab da kunnen yarinyar ya yi mata kiran salla. Rabon da ya kusanci fuskar wani mahaluki haka tun kafin ciwon, kuma Zinatu ta ce abin da tiyatar ta saya masa ke nan, ya kuwa isa. Aka raɗa mata suna Mardiyya.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan suna ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a abin da ya same shi, ba ragi ba ƙari. Waɗanda suka kira shi Hakimin Albasa suka rasa inda za su sa fuska, sunan dai ya bi shi har kabari, sai dai ya koma na ƙauna. Aka ci gaba da kawo masa jarirai yana murje musu dabino da yatsu. Wasu tsofaffi sun ce na yatsa bai kai na baki ba, bai kuma taɓa yi musu gardama ba. Mardiyya ta tashi a gindinsa, ita ke riƙe masa kwanon ruwan.

Rasuwarsa

Ya rasu a Aliero da hantsin wata Alhamis cikin watan Maris na 2003, bayan jinyar ciwon zuciya, yana da shekara sittin da biyar. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin, kuma da yawa daga masu ɗaukar makararsa daga bakinsa suka fara sanin zaƙi. Ya bar matarsa Zinatu, da 'ya'ya uku, Faruk da Waliyyu da Iklima, da jikoki goma sha ɗaya. Daga cikinsu akwai Mardiyya, wadda a safiyar ranar, da ta ga ya kasa haɗiyar komai, ta je ta wanke hannu da sabulu ba tare da kowa ya sa ta ba, ta murje dabino da yatsu biyu ta shafa masa a ganɗa. Shi ne abu na ƙarshe da ya ɗanɗana. Allah ya sanyaya makwancinsa.